Saxnot na Saksonawa: Gunkin Yaƙi Ne, Ko Suna Kawai Ya Rage?

Wane ne Saxnot, kuma da gaske ne Saksonawa sun ɗauke shi a matsayin ubangijin yaƙinsu?

Tun da finafinai da wasannin kwamfuta suka sa sunan Thor da na Odin suka shiga bakin matasa, ake ta samun gajerun bidiyoyi masu jero "gumakan Turawan da" ɗaya bayan ɗaya, kowanne da aikinsa kamar ma'aikatun gwamnati: wannan na tsawa, wancan na teku, wancan na soyayya. In aka zo kan Saksonawa sai a sako hoton wani ƙato mai gemu, jini na ɗiga daga takobinsa, a ce ga Saxnot nan, shi ke ba su nasara a fagen fama. Mai kallo ya tafi da yaƙinin cewa akwai littattafai jingim da labarinsa.

Babu su. Abin da ya iso mana daga wancan zamani bai wuce sunansa ba, a wurare biyu kacal, kuma duka biyun Kiristoci ne suka rubuta. Babu tatsuniyarsa ko guda, babu waƙar yabonsa, ba a kuma tono wani sassaƙe da aka tabbatar nasa ne ba. Shi ya sa ma kalmar gunki ba ta zauna masa daidai ba, "abin bauta" ya fi dacewa, sai dai gunkin ne ya fi saurin shiga kunne. Batun yaƙi kuwa hasashen masana ne. Hasashe ne mai tushe, amma akwai masanan da suka ƙi shi.

Su wane ne Saksonawa?

Ƙabilu ne na arewacin Jamus ta yau, a ƙasar da kogunan Elbe da Weser da Ems suka ratsa. Rumawa sun fara saninsu ne a matsayin 'yan fashin teku masu addabar gaɓar Faransa da Birtaniya. Bayan da mulkin Rum ya janye daga Birtaniya wajen shekarar 410, wasu daga cikinsu suka ƙetara tare da maƙwabtansu Angilawa da Jutawa, suka kafa masarautu. Sunayen na nan a taswirar Ingila har gobe: Essex na nufin Saksonawan gabas, Sussex na kudu, Wessex na yamma, Middlesex na tsakiya. Daga haɗa Angilawa da Saksonawa aka samo "Anglo-Saxon", kalmar da yanzu za ka ji jami'an Rasha na jifan Amurka da Birtaniya da ita a labarai. Mutanen Wales har yau Saeson suke kiran Turawan Ingila, 'yan Finland kuma Saksa suke kiran Jamus baki ɗaya.

Waɗanda suka ƙetara sun karɓi Kiristanci a ƙarni na 7. Waɗanda suka zauna a gida, da ake kira Tsofaffin Saksonawa, sun ci gaba da addinin kakanninsu har kusan shekarar 800. Malamin nan na Ingila mai suna Bede, wanda ya kammala littafin tarihinsa a 731, ya ce ba su da sarki. Hakimai ne da yawa, in yaƙi ya taso su jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa wa shi ne sarkin yaƙi, ƙura na lafawa kowa ya koma matsayinsa.

Wani ruɗani da ya kamata a kawar tun yanzu: jihar Saxony ta yau, mai hedikwata a Dresden, ba ita ce ƙasarsu ta asali ba. Sunan ne ya yi ƙaura tare da sarauta ƙarnuka bayan haka. Ƙasar ta ainihi ta fi kusa da jihar Lower Saxony mai hedikwata a Hanover, haɗe da yankin Westphalia.

Wuƙar da ta ba su suna

Yawancin masana harshe sun tafi a kan cewa sunan ƙabilar daga wuƙa ya fito. Sahs ko seax wuƙa ce mai kaifi ɗaya. Akwai ƙarama ta yanka nama da fiƙe itace, akwai doguwa mai tsawon hannu da ake shiga yaƙi da ita. A kwance ake rataya ta a ɗamara, ta gaba, a cikin kube na fata, kuma an tono ta birjik a kaburburan maza. Wadda ta fi suna an tsamo ta ne daga kogin Thames a Battersea a 1857. Tsawonta ya ɗan haura santimita 70, an yi mata ado da zaren azurfa da tagulla, an jera haruffa 28 na tsohon rubutunsu a jikinta, sannan ga sunan wani mutum, Beagnoth. Tana gidan tarihi na Birtaniya a Landan.

Su kansu Saksonawa sun san da wannan alaƙa. Wani ɗan zuhudu daga cikinsu, Widukind na Corvey, ya rubuta tarihin mutanensa wajen 968, inda ya ce kakanninsu sun zo ta ruwa suka tarar da ƙabilar Thuringi, aka sa ranar sulhu a kan kowa ya zo hannu rabbana, su kuwa suka ɓoye manyan wuƙaƙe a cikin mayafi suka karkashe manyan masu masaukin. A Birtaniya ma akwai labari irin wannan sak, a wani littafi na ƙarni na 9, inda jagoransu Hengist ya kira taron sulhu, ya yi kururuwa a zaro wuƙaƙe, aka hallaka dattawa 300. Labari ɗaya a ƙasa biyu ya fi kama da tatsuniya. Abin da ya dame mu a nan shi ne mutanen suna kallon kansu a matsayin 'ya'yan wuƙa.

To rabin farko na sunan Saxnot wannan kalmar ce. Rabi na biyu ana danganta shi da genot, wato abokin tafiya, kalmar da ta rayu a Jamusanci na yau a matsayin Genosse. Sai dai a nan gizo ke saƙar: shin "abokin wuƙa" ne, ko "abokin Saksonawa"? Duka biyun harshe ya yarda da su. In na farko ne, ana jin ƙamshin yaƙi. In na biyu ne, majiɓincin ƙabila kawai ake nufi. Akwai ma 'yan tsirarun da suka karanta rabi na biyun da wata kalma mai nufin bijimi, suka ce "bijimin Saksonawa" ne.

Shaida ta farko: sunan da aka rubuta don a tsine masa

A ɗakin karatu na fadar Fafaroma akwai wani kundi mai lamba 577 a rukunin littattafan da aka kwaso daga Heidelberg a matsayin ganima aka kai Rum a 1623. An rubuta shi wajen ƙarshen ƙarni na 8, ya daɗe a birnin Mainz, cibiyar masu wa'azin Kirista a Jamus ta lokacin. Kusan duk kundin da Latin yake. A tsakiyarsa sai ga 'yan layuka da harshen mutanen gari: tambayoyin da limamin coci zai yi wa mai shiga addini kafin a yi masa baftisma, da amsar da zai maimaita.

Ka rabu da Shaiɗan? Na rabu da Shaiɗan. Da duk hadayar Shaiɗan? Na rabu da duk hadayar Shaiɗan. Da duk ayyukan Shaiɗan? A nan ne amsar ta fi tambayar tsawo. Mutumin zai ce ya rabu da duk ayyukan Shaiɗan da kalamansa, "Thunaer ende Uuoden ende Saxnote", da duk miyagun da suke abokan tafiyarsu. Bayan nan ne zai furta imaninsa da sabon addini.

A lura da abu biyu. Na farko, tambayar ba ta ambaci sunan kowa ba, amsar ce ta zo da sunaye uku, abin da ya sa masana da dama ke ganin an cusa su ne daga baya. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Manomin da ke bakin kogin Weser bai san wani Shaiɗan ba, zai rabu da shi sau goma ya koma gida ya yanka wa Woden dabba ba tare da ya ji ya karya alkawari ba. Sai an kama suna. Wanda ya tsara rantsuwar ya san mutanen da yake wa'azi a cikinsu, kuma ba zai ɓata tawada a kan ƙaramin aljani ba. Ke nan Saxnot na cikin manya uku. Wannan kam za a iya riƙe shi da hannu biyu.

Na biyu, kalmar da aka yi amfani da ita wajen cewa "abokan tafiyarsu" ita ce genotas, wadda ke cikin sunan Saxnot kansa. Ko da gangan ne ko dacewa, mai rantsuwar yana jin ta sau biyu a numfashi ɗaya.

Thunaer shi ne Thor na mutanen Sikandinebiya, Woden shi ne Odin. Duk wanda ya yi firamare ya rera sunayensu bai sani ba, don Thursday ranar Thunor ce (Thunaer ke nan da lafazin Ingila), Wednesday ta Woden, Tuesday ta wani mai suna Tiw da za mu zo kansa. Saxnot bai samu rana ba. Bai samu gari ba ma, alhali a Essex kanta akwai Thundersley mai ɗauke da sunan Thunor.

Dab da rantsuwar, a kundin, akwai jerin camfe-camfe 30 da ake so limamai su sa wa ido. Kanun zance ne kawai babu bayani, amma ta cikinsu ne ake leƙen rayuwar mutanen: bukukuwa a kan kaburbura, tsafi a kurmi da kan duwatsu da bakin maɓuɓɓuga, layu da ƙulle-ƙulle, duba da tsuntsaye da dawakai da kashin shanu da atishawa, wutar da ake kunnawa ta hanyar murza itace, gunkin da ake yi da kwaɓin gari, da wanda ake zagaya gonaki da shi. Har da ihun da suke yi in wata ya yi husufi, suna ce masa ya yi nasara, abin da zai tuna wa wasunmu yaran unguwa da gwangwanayensu. Jerin ya ambaci bautar Mercury da Jupiter, sunayen da marubutan Latin ke laƙaba wa Woden da Thunaer. Mars, gunkin yaƙin Rumawa, ba ya ciki. A riƙe wannan.

Shaida ta biyu: kakan sarakunan Essex

Gidajen sarautar Ingila na farko suna da jerin kakanni da maroƙan fada ke haddacewa, daga baya 'yan zuhudu suka rubuta. Kent, Wessex, Mercia, Gabashin Anglia, masarautun arewa, kowa ya ja zarensa sai ya dire a kan Woden. Essex kaɗai ta fita daban. A wani rubutu na ƙarshen ƙarni na 9 da ke ɗakin karatu na Birtaniya, salsalar sarakunanta ta tsaya ne a kan Seaxneat, wanda ba kowa ba ne illa Saxnot da lafazin tsibiri. Sai a ƙarni na 12 marubuta suka ga abin bai yi tsari ba, suka mai da shi ɗan Woden don ya bi sahu.

Wannan ya ba mu tabbacin cewa sunan ya girmi ƙaurar, tunda ga shi a gaɓa biyu na teku. Sunayen da suka biyo bayansa a jerin su ma abin dubawa ne. Ɗansa Gesecg ne, jikansa Andsecg, kuma secg a waƙoƙin tsohon Ingilishi na nufin jarumi, wani lokaci takobi. Can ƙasa akwai Sigefugel, "tsuntsun nasara". Masu ra'ayin yaƙi suna kafa hujja da wannan, kuma biri ya yi kama da mutum. Sai dai kusan duk sunan basarake na wancan zamani ba ya rasa mashi ko nasara ko kwalkwali a ciki.

Gidan da ya riƙe Saxnot kuma ya yi taurin kai wajen barin addinin da. Sarki Saberht ya karɓi Kiristanci a 604 a ƙarƙashin inuwar kawunsa, sarkin Kent, aka naɗa wani Mellitus bishop na Landan, aka gina majami'ar Saint Paul ta farko. Da ya mutu wajen 616, 'ya'yansa uku suka gaje shi, kuma ba su taɓa shiga addinin ba. Bede ya ba da labarin yadda suka shiga coci suka tarar bishop na raba gurasar ibada, suka ce don me ba zai ba su farar gurasar nan da yake ba babansu Saba ba. Ya ce sai an yi musu wankan da aka yi wa babansu. Suka ce ba su da bukatar wankan, gurasar dai suke so. Ya ƙi, suka ce in ɗan wannan abu ba zai yi musu ba to ya bar musu ƙasa. Haka aka kori bishop daga Landan a kan gutsuren gurasa. Ko da masarautar ta sake karɓar addinin a tsakiyar ƙarnin, annobar 664 na sauka wani sashe ya koma gyara tsofaffin wuraren bauta, sai da aka turo wani bishop ya lallaso su. Bede bai faɗi sunan wanda suka koma bauta wa ba. Da ya faɗa, da wataƙila an huta da wannan muhawara.

A 2003 masu haƙa sun buɗe kabarin wani basarake a Prittlewell da ke Essex, na wajen ƙarshen ƙarni na 6. An binne shi irin na da, a ɗaki na katako cike da kaya: takobi, garkuwa, kofunan gilashi, kayan kiɗa, kujera mai naɗewa. Amma a daidai idanunsa an ɗora ƙananan gicciye biyu na zinariya. Ƙafa ɗaya nan, ɗaya can.

To daga ina "gunkin yaƙi" ya fito?

Daga lissafin cike gurbi. Marubucin Rum Tacitus ya rubuta a shekarar 98 cewa Jamusawa na bauta wa Mercury da Hercules da Mars. Masana suka fassara su da Woden da Thunaer da Tiw. Rantsuwar baftisma ita ma uku ta kawo, biyu sun dace, saura ɗaya. Ke nan Saxnot shi ne Tiw, Tiw shi ne Mars, Mars kuma na yaƙi ne. A ƙara da wuƙar da ke cikin sunan, zance ya ɗinke. Jacob Grimm, ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan biyu masu tattara tatsuniyoyi, ya ƙarfafa wannan ra'ayi a littafinsa na 1835, kuma daga wurinsa ya gangaro cikin ƙamusoshi, daga ƙamusoshi zuwa intanet. A hanya ne kalmar "wataƙila" ta faɗi ba wanda ya tsince ta.

Ɓangare na biyu su ma gurbi suka cike, da wani jerin daban. Adam na Bremen, wajen 1075, ya siffanta ɗakin bauta na Uppsala a Suwidin da gumaka uku: Thor, Wodan da Fricco, wato Freyr. Ya ce Wodan ne mai yaƙi, Fricco kuma mai ba da zaman lafiya da jin daɗi. Bafaranshen nan Georges Dumézil, wanda ya yi suna da ra'ayin cewa gumakan waɗannan al'ummomi sun kasu ne tsakanin mulki da ƙarfi da yalwa, ya sa Saxnot a gurbin Freyr. A wannan karatun shi ne na jama'a, na amfanin gona da haihuwa, "abokin Saksonawa". Wato daga layi ɗaya na rubutu, wani ya fito da ubangijin yaƙi, wani ya fito da na damina.

Kowane ɓangare na da rauni. Tsakanin Tacitus da rantsuwar akwai shekara kusan 700, kuma Tacitus bai ma ambaci Saksonawa ba. Tsakanin rantsuwar da Uppsala akwai shekara kusan 300 da teku. Shi kansa Tiw ba yaƙi kaɗai aka san shi da shi ba. A katangar Hadrian da ke arewacin Ingila, sojojin Jamusawa da ke aiki wa Rum sun bar rubutu ga "Mars Thincsus", wanda ake fassarawa da Mars na majalisa, mai kula da taro da shari'a. Ga kuma shirun da jerin camfe-camfen nan ya yi game da Mars.

Ni dai na fi karkata ga ra'ayi na uku, mafi ƙarancin armashi: Saxnot abin bautar ƙabila ne, uban da suke jingina asalinsu gare shi. Shi ne kaɗai bayanin da ya dace da shaidun biyu ba tare da aro daga Rum ko Suwidin ba, kuma ya bayyana dalilin da ba a jin sunan a wajen kowa sai Saksonawa. Mutanen da sunansu wuƙa ne, majiɓincinsu ba zai rasa hannu a yaƙi ba. Amma mai da shi "ministan yaƙi" tsari ne na masu son jadawali.

Me ya sa shaidar ta yi ƙaranci haka?

Ruwa ba ya tsami banza. Saksonawa ba su rubuta addininsu ba, a baki yake da al'ada, kuma an murƙushe shi da ƙarfin takobi cikin ƙarni guda.

Sharlaman, wanda Turawa ke rubutawa Charlemagne, sarkin Farankawa masu mulkin Faransa da yammacin Jamus a lokacin, zamani ɗaya ya yi da Halifa Haruna Rashid, har halifan ya aiko masa da giwa da ta isa Aachen a 802. A 772 ya shiga ƙasar Saksonawa ya rushe Irminsul, wani ƙaton gungumen itace da suke girmamawa kusa da Eresburg, wanda wani marubuci na baya ya ce suna ɗaukarsa ginshiƙin da ke tallafe da komai. Yaƙin bai ƙare ba sai 804. Rashin sarki ɗaya ya sa ba wanda zai miƙa wuya a madadin kowa: a ci wannan yanki da rani, a yi musu baftisma a kogi, sojoji na juya baya a ƙone coci. A 782, bayan an karkashe wata rundunarsa a tsaunukan Süntel, tarihin fadarsa ya ce ya sa an sare kan mutum 4,500 a Verden rana ɗaya. Jagoran tawayen, wani Widukind (daban da marubucin can), ya miƙa wuya a 785 aka yi masa baftisma a Attigny, Sharlaman da kansa ya tsaya masa. A ƙarshe aka kwashe dubban iyalai daga bakin Elbe aka warwatsa su cikin ƙasar Farankawa.

Dokar da ya kafa musu ita ce ta nuna abin da talaka ya gani. Wanda ya ɓuya don kada a yi masa baftisma, kisa. Wanda ya ƙone gawa irin na da, kisa. Wanda ya ci nama a lokacin azumin Kirista don raini, kisa. Wanda ya yi bakance a gindin itace ko bakin maɓuɓɓuga zai biya tara gwargwadon matsayinsa: basarake sulai 60, mai 'yanci 30, bara 15. Jariri ya shekara ba a kai shi coci ba, tara. An hana taron ƙabila sai da izinin sarki, sannan kowa ya ba coci ɗaya bisa goma na abin da ya samu. A irin wannan yanayi ne aka tsara rantsuwar da muka gani. Mutumin da ke tsaye cikin ruwa yana furta sunan Saxnot, ba lallai ne da son ransa ya zo ba.

Ko a fadar ba kowa ya yarda da haka ba. Alcuin, malamin da ya zo daga York, ya rubuta wasiƙu a 796 yana cewa ana iya tilasta wa mutum baftisma amma ba a iya tilasta masa imani, kuma ushirin da ake karɓa ne ya lalata imanin Saksonawa. A 797 aka sassauta dokar.

Manyan gari sun fi saurin sajewa, don sun samu muƙamai da filaye. Na ƙasa ne suka ji jiki. A 841, jikokin Sharlaman na yaƙi da juna, ɗayansu Lothar ya yi wa talakawan Saksonawa alkawarin za su koma kan dokar kakanninsu in suka mara masa baya. Suka haɗa ƙungiya mai suna Stellinga suka fatattaki iyayen gidansu. Ludwig, ɗan'uwan Lothar, ya zo ya murƙushe su, wani tarihin zamanin ya ce ya sare kan 140 ya rataye 14. A daidai wannan zamani aka rera wa Saksonawa labarin Yesu da harshensu a wata doguwar waƙa mai suna Heliand, mai layi kusan 6,000, inda aka siffanta shi kamar shugaban mayaƙa, almajiransa kuma barade masu amana. An ba su sabon abokin tafiya a cikin tsohuwar riga.

Masu tono shi a yau

Inda rubutu ya bar gurbi, kowa na cusa abin da ransa ke so. 'Yan Nazi sun ɗauki Saksonawa a matsayin Jamusawa tsantsa da baƙon addini ya zalunta. A tsakiyar shekarun 1930 aka jera manyan duwatsu kimanin 4,500 a kusa da Verden, aka kira wurin Sachsenhain, ƙungiyar SS, wato rundunar musamman ta 'yan Nazi da Himmler ke jagoranta, ta riƙe shi. Alamar Irminsul ta zama tambarin cibiyarsu ta binciken asali. Abin bai yi nisa ba, don Hitler ya fi son Sharlaman mai haɗa daula, har a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu aka sa wa wata rundunar SS ta Faransawa sunansa. Wurin duwatsun yanzu cibiyar matasa ce ta cocin Furotesta.

Wannan tabon ne ya sa alamomin ke da nauyi har yau. Akwai masu farfaɗo da addinin gargajiya a Jamus da Ingila da Amurka da ba ruwansu da wariyar launin fata, akwai kuma ƙungiyoyin ƙyamar baƙi da ke amfani da alamomi iri ɗaya. Ɗalibin da ya je karatu Turai ya ga irin zanen a jikin riga ko a fatar hannu, ba zai gane wane ne a gabansa daga zanen kaɗai ba. Ita ma kalmar Anglo-Saxon ta shiga rigima, har ƙungiyar masana wannan fanni ta duniya ta cire ta daga sunanta a 2019. Duk addu'a ko biki da wani zai ce na Saxnot ne, sabon shiri ne, tunda tsohon bai bar ko jimla ɗaya ba.

Wuƙar kam tana nan. Tutar gundumar Essex ja ce da farare uku a jere, masu ƙota ta zinariya, tambarin da aka tabbatar wa majalisar gundumar a 1932. Za ka gan su a allunan hanya da rigar 'yan wasan kurket. Sai dai masu zanen tambari na ƙarnukan baya ba su taɓa riƙe seax a hannu ba, suka zana ta a lanƙwashe kamar takobin Turkawa, har da ɗan giɓi a baya. Wadda aka tsamo daga Thames miƙaƙƙiya ce.